Ƙugiyar da ke Wuyan Akka Ponnammal

Kafin rana ta yi zafi za ka tarar da Akka Ponnammal (Akka a wurinmu babbar yaya ke nan) a gindin dalbejiyar da ke bakin tudunmu, ta riga ta ci shinkafarta mai kwana a ruwa, tana lalube mutane ɗaya bayan ɗaya. Na'urar da ke jin abin da ke binne a ƙasa ba ta shiri da ƙarfe. Fil ɗaya ya isa ya ɓata aikin wuni.

"Murugesan, kwance bel ɗin nan."

"Akka, wandon fa zai zame."

"Ya zame mana. Tudun nan ya ga abin da ya fi haka."

Mun taso muna jin cewa akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa a ƙarƙashin tudun, teku kuwa tana gutsurarsa duk damina, gidajenmu na bayansa. Da Malama Tamarai, mai binciken kayan tarihi, ta zo neman 'yan gari, ta gaya mana gaskiya: in ba a nuna abin da ke ƙasa ba, babu mai zuba duwatsun tare ruwa. Ɗaukar na'urar na son tafiya a miƙe, ba sauri ba tangaɗi. Wa ya kai matar da ta girma da kwandon kifi a ka?

Sai dai duk layin da Akka ta bi, hoton ya fito a dagule. Aka cire 'yan kunne, aka canza takalmi, abu ya ƙi. Daga ƙarshe ta sa hannu a wuya ta jawo zaren aurenta, wanda ango ke ɗaura wa amarya a al'adarmu. Wata ƙugiyar kamun kifi ce ɗaure a jiki, ta yi tsatsa.

Duk mun san labarin. Ranar da mijinta Sudalai ya fita teku ya miƙa mata ita, ya ce ta riƙe masa sai ya dawo. Bai dawo ba. Ta ƙi cire zaren kamar yadda matan mamata ke yi, ta ce ita ba ta ga gawa ba.

"Akka, bar ta a wuyanki," in ji Malama a hankali. "Wani zai ɗauki na'urar."

Muka gwada, muka yi ta tangaɗi kamar 'yan maye, ga hadari ya fara haɗuwa. Wata safiya sai ga Akka ta nufo ni. Ta kwance ƙugiyar, ta danƙa mini.

"Ƙanena, riƙe mini. Ni kam zan dawo."

Na juya baya don kada ta ga hawayena.

A makon nan bangon tashar ya fito a hoto, doguwar katanga kwance a ƙarƙashin gonar gyaɗa. Duwatsu sun zo daga baya, tudun na nan, gidajenmu ma suna nan. Shekara da shekaru ina karɓar ƙugiya da safe, tana karɓar abarta da yamma.

Akka, ke ce kika ajiye abin da ya fi miki komai don mu kwana a ɗakunanmu. Mai tafiyar da ba ta karkata, mun gode, kuma muna ƙaunarki.

Bana gwiwa ta hana ta ɗaukar na'ura. 'Yan matan da ta koya wa tafiya su ke bin layi yanzu, kuma ina roƙon sauran matasanmu su zo su sa hannu, ko da jan igiyar awo ne. Za su same ta zaune a gindin dalbejiya, makullai da fil cike da cinyarta. Duk wanda ya miƙa mata nasa, sai ta riƙe hannunsa ta dube shi ido cikin ido.

"Ka dawo ka karɓa, ka ji?"