Talabijin Biyu Don Hannun Hajo

Shekara goma sha tara ke nan cikin watan nan da muka kai yayana Mani makwancinsa a Bodinga. Ban yi boko mai nisa ba, kuma ban iya yabon mamaci irin na masu jarida ba. Mani mai gyaran rediyo ne, mai saurin fushi, rigarsa kullum da ƙunar dalma. Abu ɗaya zan faɗa a kansa, shi ne ranar da ya haɗa talabijin biyu saboda mahaifiyarmu.

Zamanin siyasa, da kwangila ta buɗe, masu hali suka fara shigo da talabijin mai kala da bidiyo, Mani ya koyi cikinsu da hannu. Wani ɗan kwangila ya kawo masa nasa gyara, kafin ya zo ɗauka soja suka karɓi mulki, mutumin ya tsallake ya bar ƙasar, bai sake waiwayowa ba. Haka kayan suka zauna a zaurenmu. Shekarar ga fari, ga layin sabulu da madara, amma muna da bidiyo.

Ƙanwarmu Hajo tana Jidda a lokacin, ta bi mijinta tun da daɗewa. Labari ya riƙa zuwa iri-iri. Wani ya ce mijin ya rasa aiki, wata ta ce ta ga Hajo tana wanke-wanke a gidan Larabawa. Inna kuwa, tuwonta ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi. Ana haka wani alhaji ya dawo mana da kaset, ya ce na sunan ɗan da Hajo ta haifa ne.

Mani ya tada janareto da ɗan man da ya rage. Murya ta fito tas, muka ji guɗa, muka ji Hajo tana gaida Inna. Amma hoton fari da baƙi ne. Ni dai na ce alhamdu lillahi, ga ta nan a raye tana dariya. Inna ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe, sannan ta koma ta zauna.

Ta ce, "Dariya kowa na yi in an ɗora mai abin hoto. Hannunta nika son gani. Macen da ad da kwanciyar hankali ɗakinta tana ƙunshi. Wanga baƙin da nig gani, lalle na ko baƙin tukunya?"

 Tafin hannun ya yi duhu, shi ke nan.

Mani ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce kowace ƙasa da irin hanyar da take rubuta kala a cikin hoto. Tamu ana ce mata Fal, ta Makka Sikam. Talabijin ɗinmu yana jin maganar, yana ganin mutanen, amma kalar ba ta cikin karatunsa. Ya ce Nijar ma Sikam suke yi, shi ya sa in ya juya eriya ya kamo tasharsu ba ta zuwa da kala. Ke nan talabijin ɗan Nijar ake nema, ga iyaka a rufe.

Mutum ɗaya muka sani da irinsa, taubashinmu Buba, mai fataucin shanu a Shagari. Ya sayo shi a Ƙwanni ta Nijar don ya fi araha, ya kawo gida ya tarar ba ya jin tashar Sakkwato, sai hoto kamar na kurame. Ya lulluɓe shi da zane, yana hana kowa taɓawa. Da muka je aro ya ce, "Ku da Allah ya ba na banza, nawa kuka hange? Ba jaki ba na da za a ara." Mani ya ce, "Jaki ai yana kuka. Wanga ko tari bai yi." Da Buba ya ji don Inna ne, ya daina wasa. Amma bai yarda da mu ba. Shi da kansa ya rungumo shi a cinya cikin bas tun daga Shagari, yana zagin direba a kowane rami.

Bayan azahar aka haɗa. Na Buba ya kawo kala, amma babu murya ko kaɗan. Na ce to, a kalla a wannan, in an gama a saurara a wancan. Mani ya harare ni. Ya ce, "Uwarka za ka ba ɗiyarta rabi-rabi?" Ya fere wayar da ke fitowa daga bidiyo, ya raba ta biyu, ya jona wa kowane talabijin ɗaya. Hoto ya yi yayyafi, ya kwance, ya sake ɗaurewa, yana gumi yana tsaki. Da ya daidaita, sai ya ɗora na Buba a kan namu, ya rufe fuskar namu da zanen. Murya daga ƙasa, kala daga sama. Sannan ya ce a kira Inna.

Hajo ta fito da jariri, ta ɗaga hannu biyu tana gaisuwa. Ja ne. Jan lalle har wuyan hannu. Inna ta ce, "Mayar." Mani ya mayar. Bai gaji da mayarwa ba har mai ya ƙare. Ranar ta cinye tuwonta, ta ce wa Buba ya yi ƙiba kamar bijimin Lambara.

Da muka fita na ce wa Mani, ai ranar suna kowace mai jego tana ƙunshi, ko da yunwa take kwana. Ya ce, "Na sani. Ni waya nih haɗa. Abin da Inna tag gani nata na, ka bar mata."

Inna ta rasu Hajo ba ta dawo ba. Sai bayan Mani ma ya tafi aka kwaso ta da iyalinta daga Jidda. Wata rana na ba ta labarin talabijin biyu. Ta ce a wannan shekarar, aikatau take yi, maƙwabciya ce ta ba ta lallen. Ta ce, "Na san hannu Inna za ta duba."

Yau ɗana ya kafa mini talabijin a bango, bayansa ramuka ne kala-kala, da wani ɗan akwati da ke juya tsohon hoto ya koma sabo. Da Mani zai gani, zai fara da tsaki, ya ce ba a bar wa mutum abin buɗewa ba, sannan ya kwana yana leƙensa. Abin da ba zai gane ba shi ne mu. Yanzu uwa tana iya ganin ɗanta a waya daga ko'ina, da kala da murya, amma sai ta yi wata tana jiran ya kira.

Shagonsa ya zama wurin cajin waya. Kaset ɗin ya yi fumfuna, na kai Sakkwato an ce ba zai tashi ba. Hajo tana nan Sifawa da jikokinta, kuma ko ba biki ba ka raba ta da ƙunshi. In na je gaishe ta, kafin na zauna take miƙo mini hannuwan, ni kuma in duba. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Mani.