Gashin Tsuntsun da Na Wanke da Ruwan Toka

Shekara biyu da tafiyar maigidana fataucin goro Gwanja, ayarinsu ya dawo Gaya babu shi. Wannan tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba ne, lokacin da tafiyar ke cin watanni a bayan jaki. Abokin tafiyarsa ya kawo mini saƙo: yana lafiya, zai taho rani mai zuwa, ga kuma gashin fiffiken tsuntsu guda ɗaya a naɗe cikin ƙyalle. Ja ne wur. Ban taɓa ganin ja irinsa ba.

Gidanmu aka yi ta gardama a kansa. Surukata ta ce na aku ne. Ƙanin maigidan ya ce ina, jan aku a wutsiya yake, wannan kuwa na fiffike ne. Ni dai ba ruwana da ko na wane tsuntsu ne. Na soke shi a jikin azarar ɗakina, kullum in na buɗe ido shi nake fara gani, kewa ta taso mini.

Hayaƙin damina ya dusashe shi. Ni da tsabtar tsiya, na tace ruwan toka a ƙwarya kamar zan yi wanki, na tsoma shi. Ina kallo jan ya rinƙa fita yana bin ruwan, har ƙwaryar ta rine. Raina ya ɓaci, ni kuma dama ba a taɓa ni in yi shiru. Na ce ashe gashin kaza ya rina ya aiko mini, ya mai da ni sakarya. Na jefa shi a murhu. Da ayari zai koma na ce wa abokin nan nasa, “Ka gaya masa na gane rininsa. Ya yi zamansa, ba mai jiransa.”

Bayan wata uku na je Ajingi gaida gwaggona. Maƙwabcinta wani tsohon maharbi ne da ya daɗe a ƙasar kurmi. Na ba shi labarin ina dariyar takaici. Bai yi dariya ba.

“'Yata, ba rini ba ne,” in ji shi. “Ɗan'uwan kulkulu ne, wannan mai surutun kan tsamiya, sai dai shi can cikin kurmi yake, jikinsa kamar shuni, fiffikensa ja. Danginsu kaɗai ne jansu ke bin ruwan toka. Can ƙololuwar itace yake zama. Wanda ya samo miki shi ya sha wuya.”

Na ce, “Baba, ayarin ya yi nisa?”

Ya ce ai yanzu sun haye Kwara.

Rani ya zo, wani ya biyo, bai dawo ba. Ban san ko saƙona ya same shi ba. Yanzu kaina ya yi fari fat, kuma har yau in na idar da salla roƙona ɗaya ne, Allah ya sa abokin nan nasa ya manta da saƙon a hanya.