Gardamar Maikano Baduku da Illo

Maikano baduku bai taɓa kayar da kowa ba a duniya. Sau ɗaya ya shiga fagen kokawa, yana saurayi, a garinsu Matankari, kuma waɗanda suka gani sun ce kafin makaɗi ya gama gyara ganga a kafaɗa har an ɗaga shi ana karkaɗe masa yashi. Tun daga ranar ya kwashe ƙarfinsa duka ya zuba a baki. Ya koma ɗinka wa 'yan kokawa layu da guraye, yana ɗinki yana yanke hukunci a kan wanda ya iya da wanda bai iya ba. Babu kayen da aka yi a Arewa tun shekarar fari wanda ba zai faɗa maka ranarsa da ƙafar da aka kama ba. Da an cire gero sai ya rataya jakar fata ya bi ganga, yau Tibiri, jibi Geceme. Matarsa Habsatu takan ce in kaka ta yi ita da bazawara duk ɗaya ne.

Amma kokawa ba ta yi masa daɗi sai da Illo. Illo ɗan kawunsa ne, mutumin Dumega, mai fataucin gishiri da jakuna uku. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, wato taubasai, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Za su zagi juna son ransu, kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, ba mai fushi, ba kuma mai ɗaukar maganar ya kai ta gaba. Ko sarki aka kai wa ƙarar taubashi, dariya zai yi ya sallami mutane. Su biyun nan kuwa sun riƙe abin da hannu biyu. Shekara ashirin da biyar suka yi, duk Juma'ar da Illo ya sauke kaya a kasuwar Dogon Dutsi, sai sun haɗu a gindin wani gawo sun ɗora daga inda suka tsaya. Ƙarti suka zo suka wuce, gardamar tana nan. A shekarun da nake magana Maikano yana bayan Mani na Matankari, Illo yana bayan Rabo na Dumega.

Tun daga nesa Maikano zai ɗaga murya. "Kai bawana! Ina ƙaton nan naku? An ce har yau bai ƙare tofar da ƙasar da yac ci Tibiri ba."

Illo ba ya ko waiwayowa, yana kwance wa jaki kaya zai amsa. "Ruhe muna baki, mai basilla. Kai da ko akuya ba ka taɓa kadawa ba, kai ka yi ma ƙarti hukunci?"

Mutane har barin cinikinsu suke su zo su zauna. Idan yamma ta yi Maikano ya kori Illo da zagi, Illo ya tafi yana ramawa har muryarsa ta ɓace. Maikano bai taɓa ce wa kowa yana ƙaunar mutumin nan ba, kuma da za ka tambaye shi da ya zage ka. Amma duk Juma'ar da jakunan Dumega ba su zo ba, tuwon dare ba ya shiga cikinsa.

Sai aka zo da ƙuri'ar nan ta "I" da "A'a", ko a zauna da Faransa ko a rabu da ita. Gindin gawo ya rabu biyu. Mutanen da a da ba abin da ke haɗa su faɗa sai Mani da Rabo suka koma tambayar wane ne na jam'iyyar giwa mai "I", wane ne na jam'iyyar raƙumi mai "A'a". Illo ya tsaya a kan "A'a", kuma shi da dalilinsa, don wansa ya tafi aikin dole na hanya tun suna samari, rigarsa kawai aka dawo da ita. Maikano ya jefa "I". Kada ka tambaye ni me ya fahimta a ciki. Ya duba ya ga wane gefe ya fi nauyi, ya bi shi, kamar yadda yake duban ƙirjin ƙato kafin a kama. A wurinsa siyasa wata kokawa ce aka ƙaro masa don ya samu abin tsokanar Illo, kuma nan ne kuskurensa ya fara.

"I" ta ci. Bayan haka wa da ƙane suka daina cin tuwo akushi ɗaya a gidaje da yawa, wasu suka daina zuwa jana'izar wasu. Su biyun ne kawai ba abin da ya canza, sai ma zagin da ya ƙaru. Da shekara ta zagayo aka ce an hana jam'iyyar raƙumi, wanda duk aka samu da katinta zai kwana a gidan kaso. Mutane suka yi ta cusa nasu a murhu. Illo ya ƙi. Ya zo har rumfar Maikano a Matankari, ya zaro katin daga cikin hula ya ajiye masa a cinya.

"Ɗunke min shi awa laya. In kuwa bakin nan naka ya motsa, kasuwar Kamba za ni kai ka in saida, ko da ba ni samun mai saye."

Maikano ya yi dariya har da hawaye. Ya zaɓi jar fata mai kyau, ya naɗe katin, ya yi masa ɗinkin da ko ruwa ba zai shiga ba. Illo ya ɗaura a damtse cikin sauran layunsa, ba mai iya bambancewa.

A kakar shekarar aka haɗa babbar kokawa a Dogon Dutsi, bayan la'asar. Sau uku Mani da Rabo suna kamawa a shekarun baya ana raba su canjaras, don haka ranar ba masaka tsinke. Gardawa biyu, wato dogaran Bature daga bariki, suna zagayawa da bulala suna mayar da mutane baya. Aka daɗe ana turereniya, ƙura ta tashi, makaɗa suka yi kamar za su fasa ganguna. Can sai Mani ya duƙa ya cafko ƙafar Rabo, ya ɗaga shi ya shimfiɗa a ƙasa. Maikano ya wurgar da hula sama, ya shiga fage yana rawa da ƙafafunsa kamar sillen kara.

Illo ya ce ƙarya ne, gwiwar Mani ta riga taɓa ƙasa, kowa ya gani sai makafin Matankari. Nan da nan mutane suka bar ƙartin suka kewaye taubasan, don an san nan ne sauran daɗin yake. Maikano ya jefa, Illo ya mayar. Sai Illo ya kwaikwayi yadda Maikano ya faɗi a kokawarsa guda ɗaya tilo, har da yadda ya tashi yana neman takalmi. Fili ya ɗauki dariya, mata suna guɗa. Ƙatonsa ya yi kaye, amma ga shi shi ake yi wa dariya. Maikano bai iya jure wannan ba. Ya lalubi abin da zai jefa, ya ɗauko na kusa.

"Kai komi ka riƙa sai ya hwaɗi! Rabo ya hwaɗi, A'a ta hwaɗi, ko raƙumin da niɗ ɗunke maka cikin jar layag ga ta damtsenka bai tashe ka ba!"

Dariyar ta fara, sai ta mutu a tsakiya. Maikano yana tsaye da bakinsa a buɗe yana jiran amsa, don a iya saninsa Illo bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Illo kuwa gardawan yake kallo. Ɗaya daga cikin gardawan ɗan ƙasar ne, ya kau da kai kamar bai ji ba. Ɗayan ya ratso mutane ya zo.

Dattawa suka taso suna cewa taubasai ne, wasa ne, ba a ɗaukar maganarsu. Gardin ya ce in wasa ne laya za ta faɗa. Ya tsinke ta daga damtsen Illo ya sa wuƙa. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, sai da ya sha wuya kafin ya farke shi, katin ya fito. Aka ɗaure hannun Illo aka wuce da shi ta gaban Maikano.

Washegari tun da safe Maikano ya sa babbar rigarsa ya tafi bariki, kuma wallahi ya tafi da yaƙinin zai dawo da Illo. A ransa abin ba wuya, bayani kawai za a yi wa kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, tunda baƙo ne bai san al'ada ba. Ya durƙusa a gaban tebur ya ce wa tafinta ya faɗa wa Bature cewa shi ɗan mace ne, Illo ɗan namiji, abin da ya fito daga bakin taubashi ba ya zama shaida, haka aka tarar tun kakanni. Tafinta ya juya maganar. Kumandan ya saurara, ya yi tambaya ɗaya: shi ne ya ɗinka layar, kuma ya ga abin da ke ciki da idonsa? Maikano ya ce shi ne mana, ai shi ya sa ya san wasa yake yi. Aka rubuta. Aka kama babban yatsansa aka dangwala a takarda. Sannan tafinta ya ce masa, a gaban duk waɗanda ke zaune a baranda, kumandan ya yafe masa ɗinkin, kuma yana gode masa da taimakon da ya yi wa hukuma.

Bai san yadda ya fito ba. Ya kora jakunan Illo har Dumega, kwana biyu a ƙafa. Ladidi matar Illo ta karɓi igiya a ƙofar gida, ba ta ce masa ya shigo ba, shi ma bai nema ba. Ya koma Matankari ya zauna a rumfa. 'Yan kokawa suka kawo aiki yana ɗinkawa shiru, har suka fara tambayar Habsatu ko ba shi da lafiya. Ganga ta yi ta tashi a garuruwa har kaka ta wuce, jakar fatarsa tana rataye. Baƙin ciki ya ci shi ƙwarai, irin wanda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, don kai ne mai laifin.

Wata bakwai Illo ya yi a tsare. Ana gab da shuka labari ya zo an sake shi. Maikano ya kama hanya a ranar. Duk tsawon tafiyar abu ɗaya yake roƙon Allah, Illo ya zage shi. Ya kira shi bawa, ya kira shi mai bakin tsiya, ya ɗauki sanda ya rotsa masa kai in ya so. In dai ya zage shi, to akwai sauran abu a tsakaninsu.

Ya tarar da shi zaune a zaure, ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu. Da Illo ya gan shi sai ya miƙe tsaye. Ya sa aka ɗauko sabuwar tabarma aka shimfiɗa, aka kawo ruwa a ƙwarya mai faifai.

"Marhaba da Malam Maikano. An sha hanya. Ina gajiya? Ƙaƙa mutanen gida?"

Tunda uwarsa ta haife shi Illo bai taɓa kiransa Malam ba. Maikano ya zauna a bakin tabarmar, ya amsa gaisuwa, ta ƙare aka sake wata. Ya fara cewa, "Illo, ranar nan..." sai Illo ya ce ba komai, abin da Allah ya rubuta ne, ya wuce. Ya faɗe shi da ladabi, kamar yadda ake faɗa wa baƙon da ya taka maka ƙafa a kasuwa. Aka kawo fura. Maikano ya kurɓa ya ajiye.

Sai ya tattara ɗan abin da ya rage masa, ya ƙaƙalo murmushi, ya ɗaga murya yadda ya saba a gindin gawo.

"Kai bawana, har yanzu kana nan kan batun gwiwa? Rabonku ba ƙato ba ne. Ko a sake sau goma, Mani na kada shi."

Ya jira. Ya san amsoshi goma da Illo zai iya bayarwa, ya san har yadda zai karkata kai kafin ya faɗa. Illo ya dubi ƙwaryar da ke gabansa, ya gyara mata faifai.

"Gaskiyarka, Malam Maikano," ya ce. "Mani ya hi shi."

Maikano ya kwana ɗaya, a ɗakin baƙi. Da safe Illo ya ɗaukar masa jaka ya raka shi har bayan gari, ya ce ya gaida gida, Allah ya kiyaye hanya. Maikano ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya ba shi baya, yana kasa kunne ko za a jefo masa wata magana. Da ya gaji da jira ya waiwaya, Illo ya riga ya juya, yana tafiya a hankali zuwa gida.