Tsakanin Koren Layi da Ja

Shekara ashirin cur ya yi yana auna 'ya'yan mutane. Aikinsa tsayuwa a bakin ƙofar tafkin agwagi, a wani katafaren wurin shaƙatawa da ke bayan gari, inda iyalai ke zuwa su kwana biyu a otal, yara su yi ta hawa lilo har jiri ya kwashe su. Ruwan tafkin bai kai gwiwar babba ba. A cikinsa akwai 'yan jirage goma sha biyu masu siffar agwagwa, kowanne na ɗaukar yaro ɗaya, ya zaga da shi ya dawo da shi. Kafin yaro ya hau sai ya tsaya jikin sandar awo. Sandar tana da layi biyu, kore a ƙasa, ja a sama. Wanda kansa bai kai kore ba ya yi ƙanƙanta, zai iya zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen kariya. Wanda ya wuce ja kuwa ya yi girma, sai ya nemi wani wasan. Mai riƙe da sandar shi ne mutuminmu, kuma daga manaja har masu shara ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Sanda.

Bai da tsawo, bai da murya, amma a wurin awo ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Duk dabarar yara ya haddace ta. Akwai masu ɗage, akwai masu cusa takarda a takalmi, akwai 'yan matan da uwa ke tara musu gashi a tsakiyar kai. Shi ya sa idan yaro ya tsaya, ba kansa yake fara kallo ba, ƙafarsa yake kallo.

"Haba malam, ɗan yatsa ɗaya fa ya rage," in ji wata uwa.

"Hajiya, ɗan yatsan nan shi ne aikina. Ku dawo baɗi."

Yaro ya fashe da kuka, uwar ta yi tsaki, shi kuwa ko a jikinsa. A ransa yana cewa gara kuka a bakin ƙofa da kuka a cikin ruwa.

Gidansa ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, tafiyar awa biyu a motar ma'aikata. Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga, kuma duk inda ka taka a gidan sai ka kwaso zare. 'Ya ɗaya Allah Ya ba su. Ta zo duniya 'yar firit, shi ya sa uban ya laƙaba mata Guntuwa, sunan ya bi ta har makaranta.

Tana shekara biyar ya yi kuskuren zuwa gida da takardar tallar wurin. A jikin takardar akwai hoton wata yarinya cikin agwagwa tana ɗaga hannu. Guntuwa ta kwana da takardar, ta tashi da ita, ta manna ta a bango da ƙullun fulawa.

"Baba, yaushe za ka kai ni?"

"Ranar da kanki ya kai kore."

Ya ari tef ɗin awon matarsa, ya auna tsayin nan daidai a jikin katakon ƙofar ɗaki, ya ja layi da koren fenti. Daga ranar, duk Litinin, ranar hutunsa, da ta dawo daga makaranta sai ta cire takalmi ta manna baya da ƙofa, cikin doguwar rigarta ta zaman gida.

Matsalar ita ce, ma'aikacin wurin ba shi da Asabar, ba shi da Lahadi, ba shi da ranar hutun gwamnati. Ranakun da kowa ke hutawa su ne ranakun da ake buƙatarsa. Litinin kuma wurin a rufe yake, ana gyara. Matarsa ta kawo shawara mai sauƙi.

"To mu biyo motarku mana ranar Asabar. Ka auna ta, ta hau, mu dawo."

"A'a."

"Me ya sa a'a?"

"Ba na so ta zo ta same ni da hular ma'aikata ina korar 'ya'yan mutane. So nake in shigo ta babbar ƙofa, ina riƙe da hannunta, kamar kowane uba."

"Girman kan nan naka," in ji ta, ta ci gaba da taka keke.

Gaskiya ta faɗa. Amma wanda ya yi shekaru yana kallon ubanni suna bin gefen tafki da gudu, suna ɗaga wa 'ya'yansu hannu kamar waɗanda za su tsallake teku, shi kaɗai ya san abin da yake ji. A baki dariya yake yi musu. A zuci kuwa kwaɗayin gudun nan yake yi, kwaɗayi mai ciwo.

Guntuwa ta shiga shekara bakwai, kanta ya kusa kore. Mai Sanda ya je wurin manaja neman Asabar ɗaya.

"Bari wannan hutun makarantar ya wuce," in ji manaja. Da ya wuce, sai aka ce ana ƙarancin ma'aikata. Da aka ɗauki sababbi, sai aka ce shi zai koya musu aiki.

Wata Litinin da safe, yarinya tana makaranta, uwarta ta tafi sayen zare, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofar. Sai ya ɗauko wuƙa ya kankare layin, ya ja sabo, yatsa uku sama da na farko. Mutumin da bai taɓa cutar ɗan kowa da ko rabin yatsa ba, ya zo ya cuci tasa 'yar a cikin gidansa. Ya ce wa kansa wata uku kawai yake nema. Bayan wata takwas ya sake kankarewa. Bayan shekara ya kuma.

Tun daga kankarewar farko awon Litinin ya zame masa azaba. Da ta manna baya da ƙofa sai ya ɗora tafin hannu a kanta, ya kafa wa layin ido, ya ce, "Saura kaɗan," ya yi waje da sauri kamar ana kiransa. Sai kuma Allah Ya yi masa abin da ya ɗauka rufin asiri ne: yarinyar ta tsaya cak. Kusan shekara biyu kullum saura yatsa ɗaya. Ya ji sanyi a ransa, har yana tsokanarta.

"Ke dai Guntuwa kin ci sunanki."

Ita ma sai ta yi dariya.

Wata Litinin ba ta zo ƙofar ba, shi ma bai kira ta ba. Takardar bango ta koɗe, ta yage, aka share ta da sauran tarkace. Guntuwa ta shiga sakandare, ta miƙe kamar ana janta, ta wuce uwarta, ta wuce shi. Ba ta ƙara ambaton agwagwa ba. Shirun nan ya fi masa kukan duk yaran da ya taɓa kora zafi. Shi ya fi kowa sanin cewa tsakanin kore da ja taƙi biyu ne kacal, kuma yaro ba ya komawa baya.

A shekararsa ta ashirin aka ba shi wata takarda. Ƙa'idar wurin ce, duk wanda ya cika ashirin a ba shi Asabar da Lahadi, da ɗaki a otal, ya zo da iyalinsa a matsayin baƙo. Takardar ta zo a makon da Guntuwa, mai shekara goma sha bakwai, ke haɗa akwatin tafiya makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa. Talata za ta tafi.

Suka shiga ta babbar ƙofa. Shekara ashirin bai taɓa bi ta nan ba, har sai da mai gadi ya nuna masa inda ake miƙa takarda. Bai riƙe hannun kowa ba, jaka ya riƙe. A ɗakin otal matarsa ta wuce kai tsaye ta juya bakin labule, ta ce ɗinkin ba laifi amma sun yi rowar zare. Shi kuwa zaman baƙunta ya gagare shi. Yana tafe yana tsintar ledar askirim a ƙasa, yana jijjiga ƙarafan kariya ya ji ko sun kama. Abokan aiki suna ta yi masa kirari.

"Ranka ya daɗe, Alhaji baƙo! A kawo lemo ne?"

Ranar Asabar ya kai su ko'ina. Babban lilo mai kai mutum sama ya ga rufin gari, gidan madubai inda matarsa ta ga kanta kamar tulu ta yi dariya har da hawaye, motocin karo. Duk hanyar da za ta ɓulla tafki sai ya kauce mata. Yana ganin Guntuwa tana murna, amma murnar babba ce, irin ta mai faranta wa iyaye.

Lahadi da hantsi, suna shan shayi, ta ajiye kofi.

"Baba, agwagina fa?"

Ya ajiye nasa kofin. Ya tashi ya shige gaba, suka bi shi.

Wanda ke riƙe da sanda ranar tsohon abokin aikinsa ne, mai kula da babban lilo, da ake ce wa Na-Lilo. Yana hango su ya miƙo sandar da hannu biyu.

"Ni ban isa in auna 'yar Mai Sanda ba. Karɓi kayanka."

Guntuwa ta cire takalmi, kamar yadda take yi a gida, ta tsaya jikin sandar a cikin yara 'yan shekara shida suna kallonta baki buɗe. Jan layin a kafaɗarta ya tsaya. Mai Sanda ya dubi layin, ya dubi fuskarta.

"Guntuwa, layin nan na gida..." ya ce. "Kin kai shi tun kina aji biyu. Ni ne na riƙa matsar da shi."

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Wurin da ka kankare ai ya fi sauran katakon fari. Har uku ne."

"Ni kuma da tef ɗina aka auna," in ji uwar. "Tela ce fa ni. Kullum ina sake mata tsawon riga, a ce yarinya ba ta girma?"

Ya juya wurin 'yar. "To amma shekara biyu kina saura yatsa ɗaya. Da hannuna na auna."

"Gwiwa nake lanƙwasawa. Rigar tana rufewa." Ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Na ga duk ranar da na kusa kaiwa ba ka iya cin abinci. Sai na ce bari in jira ka. Da na ga gwiwar ta daina isa, sai na daina zuwa."

Shi da ke kama ɗage tun daga nesa, shi da ke fara kallon ƙafa kafin kai, shekara biyu bai kalli ƙafar 'yarsa ba, saboda kunya ta hana shi sunkuyawa. Ya tsaya riƙe da sanda, bai san inda zai sa fuskarsa ba.

Sai Guntuwa ta gyara tsayuwa. A hankali ta fara yin ƙasa, bayanta a miƙe, doguwar rigarta na taruwa a kan siminti, har kanta ya sauko ƙarƙashin jan layi. Yaran da ke layi suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wayo take yi! Malam, dubi ƙafarta!"

Mai Sanda ya dubi ƙafar. Ya gan ta sarai. Ya ɗora tafin hannu a kanta.

"Ta yi daidai," ya ce. "Wuce."

Na-Lilo ya kau da kai yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Da ƙyar ta shiga agwagwar, gwiwoyinta har haɓa, ƙarfen kariya ya ƙi rufuwa sai da ta riƙe shi da hannu. Agwagwar ta nutsa kaɗan, ta yi ƙara, ta tafi. Mai Sanda ya jingine sandar. Da farko tafiya yake a gefen tafkin, sai ga shi yana sassarfa, sai ga shi yana gudu da takalmin fita kunya, yana ɗaga hannu yana kiran "Guntuwa! Riƙe da kyau!" a kan ruwan da bai kai gwiwa ba. Ita ma tana ɗago masa hannu ɗaya.

Minti uku ne zagayen. Ya san haka, shi ke danna agogon tafkin kullum, amma bai taɓa sanin gajartarsa ba sai ranar. Da ta fito tana miƙe ƙafa, ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe ɗan ƙarami ne, Baba. A hoto kamar kogi."

"Da kin zo da wuri, da kogi ne," ya ce.

Ta kama hannunsa, suka taka har babbar ƙofa a haka.

Talata ta tafi. Bai raka ta tasha ba, yana bakin aiki.

Litinin da ta zagayo, gidan ya yi masa faɗi. Ba a jin komai sai ƙarar keken ɗinki. Matarsa ta ce mai gidan da suke haya ya aiko za a yi wa ƙofofi fenti, ya ce a gaya masa a bar wannan. Ya je ya tsaya gaban katakon. Ga wurare uku da suka fi fari, ga koren layin a samansu, ya dushe. Ya cire takalmi, ya manna baya da ƙofar, ya fara yin ƙasa a hankali har kansa ya zo saura yatsa ɗaya, don ya ji yadda abin yake.

Keken ɗinki ya tsaya. Matarsa tana kallonsa. Bai kai ƙirga goma ba gwiwoyinsa suka fara rawa, amma bai miƙe ba.