Kwana Arba'in da Biyu a Kan Keke

Shekara ashirin da uku Mai Tiyo ya yi a aikin kwana-kwana. In an je kashe gobara shi ke riƙe bakin tiyo, daga nan sunan ya bi shi, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa. Gajere ne kakkaura, ba ya da yawan magana, ga taurin kai kamar me. In ya sa abu a gaba, sai dai ka matsa ka ba shi hanya.

A bana ma'aikatarsu ta fito da sabon tsari. Duk wanda ya haura shekara arba'in da biyar sai ya ci gwajin keke kafin a bar shi ya ci gaba da fita da mota. Keken a ɗaki yake, ba ya zuwa ko'ina. Za a ɗaura maka wata ɗamara a ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, ka yi ta tuƙi minti ashirin, allo na nuna ƙarfin ƙafarka. Wanda ya kai maki ɗari biyu ya tsira. Wanda ya gaza sau biyu, ofis za a mayar da shi. Mai Tiyo ya hau, ya samu ɗari da casa'in da biyu. Takwas kacal suka rage!

Malamar gwajin, wata siririya mai tabarau, ta ce, "Baba, ai ka kusa. Ka dawo bayan sati shida. Ka riƙa hawa sau uku a sati, sauran kwanakin ka huta."

Ya ce to, amma maganar hutun ta bayan kunnensa ta bi. A ganinsa sau uku tsarin ragwaye ne. Ƙaninsa mai walda ya haɗa masa wani ƙarfe da ya ɗage tayar bayan tsohon kekensa, ya sa wani ɗan gargaren ƙarfe mai juyawa yana gugar tayar don tuƙin ya yi nauyi. Aka ajiye shi a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. Mai Tiyo ya shiga hawa safe da yamma, awa guda guda, ranar aiki da ranar hutu duk ɗaya. Matarsa ta gaji da goge gumi, ta shimfiɗa tsohon tawul a ƙarƙashin keken.

Satin farko lafiya lau, har fito yake yi. A sati na uku ƙafafu suka fara nauyi, matakalar ofis ma sai ya dafa bango. Abinci ya fita ransa, barci ya zama rabi da rabi, mura ta kama shi ta ƙi saki. Mutumin da ba a jin muryarsa a gida ya koma faɗa a kan cokali.

Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa, ta ce, "Baban yara, don Allah ka dubi wuyanka a madubi. Ka huta ko kwana biyu ne mana."

Yana haki ya ce, "Ke ba ki san aikinmu ba. Ana barin wuta tana ci a tafi hutu?"

To, a nan gizo ke saƙa. Duk rayuwarsa abu ɗaya aikin ya koya masa: in ka ji gajiya, ƙara riƙe tiyo, ba a ajiyewa sai wuta ta mutu. Don haka duk sanda jikin ya yi kuka, sai ya ɗauka lalaci ne, ya ƙara minti goma. Kai, ko safiyar ranar gwajin sai da bawan Allah nan ya yi awa guda cur, wai yana ɗumama jiki.

Malama na ɗaura masa ɗamara ta dubi allo, ta dube shi. Bai fara tuƙi ba, amma zuciya na bugawa har sau casa'in da huɗu a minti, alamar jiki a gajiye yake. Ya fara da ƙarfinsa. A minti na takwas lamba ta soma sauka. Ya cije, ya miƙe tsaye a kan feda, ya sunkuyar da kai, ina! Ƙafafun sun ce ba su san zancen ba. Ya ƙare da ɗari da saba'in da ɗaya.

"Baba, sau nawa kake hawa?"

"Sau biyu kullum. Kwana arba'in da biyu, ban tsallake ko ɗaya ba." Da ɗan alfahari ma ya faɗa.

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Haba Baba, wa ya aike ka? Ai ba a kan keke ƙarfi ke shiga jiki ba, sai an sauka an ci an yi barci. Wallahi da satin nan kwanciya kawai ka yi, da ka wuce."

Ya kwance ɗamarar, ya naɗe ta da kyau, ya miƙa mata. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don da ragwanci ne ya kayar da shi, da ya san wanda zai zarga.

Ran Litinin aka ba shi tebur a ɗakin amsa waya, da kujera mai juyawa da babban littafi. Wajen ƙarfe goma wata mata ta kira tana kuka, shagonta ya kama da wuta. Ya rubuta kwatance tsaf, ya danna ƙararrawa. Ya ji gudun takalma a tsakar gida, ya ji an tada mota, sai kawai ya tsinci kansa a bakin ƙofa yana laluben hular kwano a inda babu ita. Motar ta fice da jiniya.

Wayar ta sake ƙara. Matar ce. "Malam, kun taho?"

Ya buɗe baki zai ce ga mu nan, ya haɗiye. Ya jawo kujerar ya zauna.

"Suna hanya, baiwar Allah. Ki matsa nesa da shagon."