Ranar da Inno Mairama Ta Kori Yara Gida

Inno Mairama mai nono ce. An haife ta a wata ruga da ke gefen Fakuwa, aka kai ta aure rugar da ke arewa da Yashe, gidan wani mutum da ake ce wa Modibbo, wato malami da Fulatanci. Sunan kakansa ya ci, ba karatun ba. Shi da kansa yakan faɗi haka. Ta haifi 'ya'ya da dama, ƙyanda da zazzaɓi suka bar mata mace ɗaya, Haulatu. Inno doguwa ce, mai saurin tafiya, mai gajen haƙuri da manya. In aka taya nononta da raini sai ta kifa faifai a ƙwarya ta tashi, amma yaron da ya tsaya yana kallon ludayinta ba ya tafiya da busasshen baki.

Abin da ya sa ake ambatonta a wannan yanki ya faru ne da kaka, zamanin Turawa, shekarar da sojoji suka fara dawowa daga Bama.

Da hantsi ta ɗauko nono za ta shiga Yashe. A bakin tafkin da ke kan hanya akwai wata babbar ɗinya da yaran gari kan taru suna jifa. Tun daga nesa ta ji kukan da ake yi ba irin na faɗan yara ba ne. Ta iske yara huɗu a tsaye, na biyar a ƙasa, jini na zuba daga tsakiyar kansa. Dawuda ne, ƙaramin ɗan wani manomi da ake kira Shehu, bai wuce shekara bakwai ba. Wanda ya tallafe kansa a cinya kuwa wani yaron Fulani ne, Bube, maraya. Wani mai shanu ne ya taho da shi daga wajen Maraɗi, ya bar shi da ƙaramin garke, shi kuma ya yi kudu neman ciyawa. Shan ruwa ya kawo shanu ya ji ihu, ya sheƙo.

"Mi ya same shi?" in ji Inno.

Yara uku suka amsa a tare, kowa na katse ɗan'uwansa. Kere ne, sandar nan mai lanƙwasa ta mafarauta. Hussaini, wan Dawuda, ya wurga shi sama don ya kakkaɓo ɗinya, ya dawo a kan ƙanensa. Hussainin shi ne na huɗunsu, yana tsaye baki buɗe, ba ya kuka, ba ya magana.

Inno ba ta tsaya tunani ba. Ta yage gefen zanenta ta ɗaure kan yaron, ta goya shi. Ta dubi sauran ta ce, "Ku bar kallon jini. Kowa ya tahi wurin uwarshi." Suka watse da gudu. Ta ce wa Bube in ya gama shayar da shanu ya biyo ta gari da ƙwaryarta.

Kafin ta kai ƙofar gari ta ji goyon ya saki, ya yi wani irin nauyi da ta sani, don ta taɓa jin irinsa a bayanta. Duk da haka ba ta rage sauri ba.

Tana cikin gidan Shehu tare da mata, an kwantar da gawa ana kuka, sai Bube ya iso ƙofar gida. Ƙwaryar nono a kansa, sandar kiwo a hannunsa, gaban rigarsa duk jini. Maza sun cika zaure, babu wanda ya san yadda abin ya faru. Wani ya ce, "Ga shi nan." Aka aika aka fiddo yaran nan uku daga ɗakunan uwayensu. Wani ƙato ya tsuguna gaban ƙaraminsu, ya nuna Bube, ya ce, "Wanga ne ya buge shi, ko?" Yaron ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya gyaɗa kai. Sauran biyun suka bi. Hussaini kuwa ba wanda ya neme shi. Aka ce a bar shi, ƙanensa ne ya mutu.

Da Inno ta fito neman ƙwaryarta, ta gan ta a fashe, nono ya malale a ƙasa, an riga an yi gaba da Bube ɗaure da igiya. Ta juya wajen mutanen da ke ƙofar gida. Ta faɗi abin da yara suka gaya mata a bakin tafki. Ba wanda ya saurara. Wata tsohuwa ta ce, "Dama Bafulatana ai nata za ta kare." Shehu ya ce in ta sake ambaton sunan Hussaini a ranar da yake binne Dawuda, kada ta ƙara tako masa ƙofar gida.

Washegari ta bi hanyar mota da ƙafa har Kankiya, inda aka kai Bube gaban alƙali. Modibbo ya biyo ta a baya, ba tare da ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Ta sami Bube a ɗakin da ake tsare masu laifi, tsakanin manyan maza, ciki har da wani da aka kama da satar shanu. An gwada sa masa marin ɗaure fursuna, ƙarfen ya zame daga ƙafarsa saboda ƙanƙanta, sai aka ɗaure shi da igiya a ƙugu. Idonsa ɗaya ya kumbura. Da ya gan ta bai yi kuka ba. Da Fulatanci ya tambaye ta wa ke duba shanu, sannan ya ce, "Inno, sun ce za a yanka ni a Katsina. Gaskiya ne?"

A duk rayuwarta ba ta taɓa shiga gaban alƙali ba.

Da aka zauna shari'a, Shehu ya miƙe ya ce jinin ɗansa yake nema, rai a bakin rai. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Bai fara da kisan ba. Ya ce a kwance igiyar, sannan ya tambaya shekarun yaron nawa. Ba wanda ya sani, har shi Buben. Dangin Shehu suka ce a dubi tsawonsa, ai wannan ya isa mutum. Alƙali ya ce tsawo ba balaga ba ne. Ya sa dattawa biyu suka kai shi bayan zaure suka duba. Suka dawo suka ce yaro ne shar, ko gashin hammata babu, muryarsa ma ba ta fashe ba.

"To, Malam Shehu, ka ji," in ji alƙali. "Ko da ya tabbata shi ya yi, ba a kashe yaro da kisa. Wanda bai balaga ba, gangancinsa da kuskurensa duk ɗaya ne a shari'a. Abin da ke biyo baya diyya ce, ita ma a kan danginsa, ba a wuyansa ba."

Shehu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wato jinin ɗana ya tahi a banza ke nan?"

"Ban ce ba. Na ce ba a biyan jinin yaro da jinin yaro. Ina masu shaida?"

Aka turo yaran nan uku. Alƙali bai tambaye su komai ba. Ya ce yana son ya san babban da ya fara isa wurinsu, kuma ko sun rabu kafin a ji ta bakinsu. Inno ta taso da ƙarfin gwiwa, don a ganinta lokacinta ne ya zo.

"Ni ce, Allah ya gafarta Malam. Ni na iske su, ni na kore su gida."

"Sun kwana a gidajensu?"

"Sun kwana."

"To shaidarsu ta faɗi." Ya yi bayani yadda kowa zai gane. Ana karɓar shaidar yara a kan junansu in an yi rauni ko kisa a wurin wasansu, saboda babu babba a wurin da zai gani. Amma da sharaɗi: a ji su tun suna wurin, kafin su watse, kafin wani babba ya shiga tsakaninsu. In sun rabu, ba a san bakin wa ke magana ta bakinsu ba.

Inno ta matso gaba. Ta ce, "Malam, in bar yaro kwance cikin jini in tsaya tsaron masu shaida?"

"Ba ki yi laifi ba, baiwar Allah. Da ni ne ma da abin da zan yi ke nan."

"To ni na ji abin da suka faɗa tun jinin bai bushe ba. Keren Hussaini ne, wan mamacin."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba."

"Ji kika yi daga yara. Ba zan ɗora jini a kan kowa da ji ba."

Haka aka tashi da abin da ba wanda ya zata. Maganar da ta ɗaure Bube ta rushe, maganar da za ta wanke shi ita ma ba ta tsaya ba. Alƙali ya ce shari'ar jini ba a nan take ƙarewa ba, sai an kai ta Katsina. Amma kafin ranar, yaro ba zai sake kwana cikin manyan masu laifi ba, kuma bai ga dalilin da ya sa aka kwanar da shi can tun farko ba. Ya tambaya wane ne waliyyinsa, wato babban da ke tsaye a kansa. Ba kowa. Mai shanun yana can kudu, ba a san inda ya sauka ba.

"A ba ni shi," in ji Inno.

Alƙali ya ce sai namiji ya tsaya lamuni, wanda za a kama in yaron ya gudu. Inno ba ta waiwaya ba, don ba ta shawarci mijinta ba, kuma Bafulatana ba ta roƙon miji a gaban jama'a. Can daga bakin ƙofa Modibbo ya yi gyaran murya ya ce, "A rubuta ni."

Suka koma ruga da Bube. Kwanakin farko ba ya iya cin tuwo sai an bar shi shi kaɗai, kuma in ya ji muryar namiji daga nesa sai ya shige cikin shanu.

Ana saura kaɗan a tafi Katsina, wata safiya Inno na tatsa sai ta ga mace tsaye a bakin shinge, lulluɓe, riƙe da hannun yaro. Kubura ce, matar Shehu, da Hussaini. Yaron ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Kubura ta ce tun ranar bai yi magana ba, abinci sai an yi da gaske. Jiya ta hau rumbu ɗibar gero ta iske kere a ƙarƙashin damma, da busasshen jini a jikinsa. Ta nuna masa, ya faɗi ƙasa yana kiran sunan ƙanensa.

"Inno, ke kin ji shari'a da kunnenki," in ji Kubura. "Tagwaye na haifa, Hassan ya koma tun yana jariri. Dawuda ya tahi. Wanga kaɗai ya rage mani. In na faɗa, za su kashe mani shi?"

Inno ta aje ƙwaryar tatsa. Ta maimaita mata maganar alƙali kamar yadda ta ji ta, ba ƙari ba ragi. Sannan ta ce, "Amma ba ni zan gaya wa ubanshi ba. Ke za ki gaya mashi."

Waɗanda ke kusa sun ce da Kubura ta aje keren a gaban Shehu, ya daɗe yana kallonsa, don shi ya sassaƙa shi da hannunsa. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, bai tashi ba har rana ta take. Kashegari ya kama hannun Hussaini suka tafi Kankiya. Yaron ya faɗi komai a gaban alƙali yana shessheƙa. Nan ma aka sake jin abin da ya ba mutane mamaki: alƙali ya ce ba a kama yaro da amsa laifin da ya yi da bakinsa, don yaro na iya amsa abin da bai yi ba saboda tsoro ko don ya faranta wa wani. Ya ce abin da ke hannun Shehu shi ne ƙararsa, tunda shi ne mai jini.

"Na janye," in ji Shehu. "Na janye daga kan kowa."

Aka aika da bayani Katsina, maganar ta ƙare a kan tsautsayi. Ba wanda ya je ya ba Bube haƙuri. Ƙaton da ya tsuguna gaban yaran ya ce shi tambaya kawai ya yi.

Cinikin Inno a Yashe ya mutu daga nan. Ba gaba ake yi da ita ba. Mata ne ba sa iya haɗa ido da ita, sai su shige ɗaki in sun ji tallarta. Ta koma kai nono kasuwar Kusada, duk da ta fi nisa. An tura Hussaini wurin kawunsa a Tafashiya, ya girma a can ya zama magini, mutum marar yawan magana. Mai shanun ya dawo da bazara ya kwashi garkensa, amma Bube ya ƙi bin sa, Modibbo kuma bai tilasta masa ba. A rugarsu ya balaga, su suka yi masa aure.

Da labarin ya bazu, mata suka riƙa tare Inno a kasuwa da tambaya. Wata ɗanta ya ƙone wa maƙwabci dangar kara, wata an kama nata da ɗan akuyar da ba nasu ba. Za a ɗaure shi? Za a yi masa bulala? Wa zai biya? Takan faɗi iyakar abin da ta ji da kunnenta, in an wuce nan ta ce ita mai nono ce, a je a tambayi alƙali. Abu ɗaya ne ba ta sassautawa a kansa: kada uwa ta bari a tafi da ɗanta shi kaɗai. Sau da yawa takan bar wa Haulatu ƙwarya ta raka matar da ba ta ma san sunanta ba.

Shehu bai ƙara yi mata magana ba har ya mutu. Sai dai duk kaka in ya kwashe dawa, yakan aika a gaya wa Modibbo gona ta buɗe, shanunsa su fara shiga kafin na kowa.

Inno Mairama ta rasu da damina, gab da tafiyar Turawa, bayan gajeriyar jinya. Ruwa ya cika hanya ranar, masu zuwa jana'iza daga Kusada sai da suka naɗe wanduna suka ratsa rafi.