Masu gadin da Ahu-lamur ya binne mana

Ni dai tun farko ban yarda da Ahu-lamur ba, kuma ba ni kaɗai ba ce a unguwarmu ta bakin kogin Dijla. Mutumin da zai wuni yana murza yumɓu, ya dasa kan mutum a jikin kifi, ko ƙirjin namiji da wutsiyar kunama, sannan ya fito ya gaishe ka yana ƙare wa hancinka kallo, ina hankali zai kwanta da shi?

Ubansa maginin tukwane ne, mutumin kirki. Shi kuwa tun yana saurayi ya watsar da tukwane, ya koma yi wa bokayen haikali 'yan gumakan nan da ake binnewa a ƙarƙashin dokin ƙofa don su tare aljanun cuta. Duk birnin Ashur babu mai hannunsa, wannan ko ni ba na musu. Bai yi aure ba, ba ya leƙa gidan giya, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ni ya taɓa nema, na ƙi shi, na auri Dadi-ibni mai fito. Ya ci gaba da murza yumɓunsa kamar ba a yi komai ba, wannan ne ma ya fi tsaya mini a rai.

Da muka gina gida, boka ya ce a kawo masu gadi bakwai, kuma na Ahu-lamur yake so. Na ce a nemi wani. Mijina ya yi dariya, ya ce ko yumɓu ma kishi yake yi? Ranar binnewa muka juya baya kamar yadda ake yi, aka jera su a akwatin tubali, aka rufe. Kowa ya san ba a sake buɗewa, domin da zarar rana ta gan su ƙarfinsu ya tafi. Ke nan ban ga abin da ya zuba mana a ramin ba.

Shekara tara muka yi lafiya lau, sai zazzaɓi ya kayar da Dadi-ibni. Ƙato guda da ke tuƙa jirgi cike da jakuna ya koma ba ya iya ɗaga ƙoƙon ruwa. Boka ya yi turare, ya yi tofi, babu sauƙi. Maƙwabciyata Amat-Sula mai gurasa ta shigo dubiya, ta ja ni gefe.

"Ke kin ga abin da tsohon saurayin naki ya sa a ƙofar nan? To wa ya gani? Wataƙila ciki suke kallo, ba waje ba. Wataƙila ma ba su da idanu."

Maganar ta faɗa inda dama akwai rauni. Washegari da hantsi, mijina yana barci, na ɗauki fartanya na tone dokin ƙofa. Ga su nan su bakwai reras, rabi mutum rabi kifi, an shafe su da farar ƙasa, duk suna fuskantar titi, kowanne da rubutu a damtse. Ko a nan ban haƙura ba. Na ƙunshe ɗaya a zane na kai wa marubucin ƙofar gari, ina cewa a raina asirin yana cikin rubutun. Ya karanta mini: mugu ya fita, lafiya ta shigo. Sai ya ɗago kai ya tambaye ni wane marar hankali ne ya tono wannan.

Da gudu na isa rumfar Ahu-lamur. Ya dubi gunkin, ya dube ni, ya ci gaba da wanke hannu. Ya ce yin sababbi kwana uku zai ɗauka: a yi wa ramin yumɓu hadaya, a jira, a ɗebo, a gina, ya bushe. Na nuna masa wasu bakwai da ke jere a bayansa, na durƙusa na ce ya ba ni su.

"Waɗancan an riga an gaya musu sunan gidansu, matar Dadi," in ji shi. "Ko na ba ki, ba naki za su tsare ba."

Dadi-ibni ya cika a rana ta biyu, da yamma, ramin ƙofarmu yana buɗe. A ta uku Ahu-lamur ya ratso cikin masu makoki da kwando a kafaɗa, bakwai cif, bai gaisa da kowa ba.

Ya tsufa yanzu, amma har yau shi ake nema. Boka ya ce mini kwana ukun ka'ida ce. Amat-Sula kuma ta rantse da allahiya Ishtar ta taɓa jin ya yi wa wani babban mutum nasa a yini guda. Kullum ina wucewa ta gaban rumfarsa in za ni kogi, na kuma sha buɗe baki zan tambaye shi, sai in fasa. Ina tsoron ya rantse mini cewa kwana ukun gaskiya ne, don in ya rantse babu mai laifin da ya rage sai ni da fartanyata.